Ilimin haɗaka: me ake nufi da shi, kuma ina gurbin yaro mai otizim a Katsina?

Duk shekara idan 2 ga Afrilu ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 don wayar da kai kan otizim, za ka ji masana suna ta ambaton "ilimin haɗaka". Abin da ake nufi shi ne yaro mai buƙata ta musamman ya zauna aji ɗaya da 'yan unguwarsu, a makarantar da ke kusa da gida, ita kuma makarantar ta gyara tsarinta ya dace da shi. Wannan tunani ya samu gindin zama ne a taron da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi a Salamanca da ke Sifaniya a 1994. A wurinmu, sharaɗin gyaran tsarin ne ake yawan tsallakewa.

Otizim, wanda wasu ke kira galahanga, yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, kuma alamunsa kan bayyana kafin shekara uku. A kira sunansa bai waiwayo ba, alhali yana jin buɗe ledar biskit daga ɗaki. Ba ya son haɗa ido. Magana ta yi jinkiri, ko ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa. Wani zai jera murafen kwalba a tsakar gida, ka taɓa ɗaya ya fashe da kuka. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da shi. Ba shafar aljanu ba ce, allurar rigakafi ma bincike ya wanke ta.

A takarda, haƙƙin yaran nan a fili yake. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda ta ce makarantun gwamnati su karɓi kowa, kuma kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da irin waɗannan ɗalibai.

To amma ina uwa za ta nufa da ɗanta? Jihar na da makarantar makafi a Katsina da ta kurame a Malumfashi. Yaro mai otizim yana gani, yana ji, don haka ba don shi aka tsara su ba. Idan ta kai shi firamaren unguwa, sai ya tarar da aji cike maƙil, ana bin karatu da ƙarfi baki ɗaya. Ya toshe kunnuwa, ya shige ƙarƙashin benci, ko ya ruga waje. Ba a jima ba sai a kira ta: "Hajiya, ki yi haƙuri, yaron nan ya fi ƙarfinmu." Ban ga laifin malamin da ba a taɓa koya masa ba, amma yaron da ya koma gida haka an tauye shi, ko da sunansa na nan a rajista.

Yawancin tallafin da ake nufi ba ya cin kuɗi. A zaunar da shi gaba, nesa da ƙofa da hayaniya. A manna masa jadawalin hotuna, wanki hannu, karatu, tara, tashi, don ya san abin da ke tafe, tunda canji na ba-zata ne ya fi rikita shi. A ba shi umarni ɗaya a gajerun kalmomi, a jira. A sanar da shi kafin a kaɗa ƙararrawa. Malaman Islamiyya ma su ji wannan, don wasu yaran na da haddar da za ta ba ka mamaki idan aka raba su da ƙarar taro.

Mai tsadar shi ne ƙwararre: mai koyar da magana da malamin ilimi na musamman, irin waɗanda Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo da Jami'ar Bayero ta Kano ke yayewa. Kafin a samu isassu, iyaye su fara da likitan yara, su karɓi bayaninsa a rubuce su kai wa hedimasta. In ya ƙi karɓar yaron, a wuce ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da takardar a hannu.