Kwanan watan yau a Excel da Google Sheets: ga amsa, a daina maimaita tambaya

Tambayoyin nan su ne dai kullum, yau wannan ya kawo, gobe wancan. Ga su wuri guda. Duk wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Yaya zan sa kwanan watan yau a gurbi?

Rubuta =TODAY() ka danna Enter. Kada ka sa komai cikin baka biyun nan. In kana son har da lokaci, =NOW().

Jiya na sa, yau na buɗe na tarar ya canza. Manhajar ce ta lalace?

Lafiyarta lau. Kai ne ka tambaye ta yau wace rana, ita kuma duk sanda aka buɗe fayil ko aka sake lissafi sai ta duba agogo ta ba ka amsar ranar. Saboda haka duk wanda ya sa TODAY a takardar shaidar biyan kuɗi ko rajistar shigowar kaya ya ɓata rajistarsa da hannunsa. Bayan wata guda, kowane layi zai nuna rana ɗaya, kuma babu maɓallin da zai dawo maka da na asali sai in kana da tsohon kwafi.

To ina son wanda ba zai motsa ba.

Danna Ctrl tare da alamar ; (waƙafi mai ɗigo a sama). Zai rubuta kwanan watan yau a daskare. In lokaci kake so, danna Ctrl da Shift da alamar ; ɗin. Zai rubuta lokaci. Yana aiki a Excel, yana aiki a Google Sheets. Mutane da yawa wannan kaɗai suke nema, amma sai su tafi farautar fomula mai tsawo.

Maimakon kwanan wata sai na ga lamba kamar 45658.

Kwantar da hankalinka, ba abin da ya ɓace. Excel ƙirga kwanaki yake yi tun daga 1 ga Janairu 1900, wadda ita ce lamba 1. Wannan 45658 ɗin 1 ga Janairu 2025 ce. Lokaci kuwa gutsuren rana ne, 0.5 na nufin sha biyun rana. Danna Ctrl da 1, ka zaɓi Date. Af, cikin ƙirgar nan akwai 29 ga Fabrairu 1900, ranar da ba a taɓa yin ta ba. Da gangan aka bar kuskuren don Excel ya dace da tsohuwar manhajar Lotus 1-2-3. Ba ruwanka da shi sai in kana lissafin watanni biyun farko na 1900.

Ina so da zarar na rubuta abu a A2, kwanan wata ya fito da kansa a B2, kuma ya tsaya har abada. Wace fomula ce?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama. Gaskiya babu fomula tsabtatacciya da take yin haka, domin ita fomula a kullum sake lissafi take yi. Akwai dabaru, kowacce da nata cikas.

Wadda ta fi yawo ita ce a sa wannan a B2: =IF(A2<>"",IF(B2="",NOW(),B2),""). Ka lura, gurbin yana duba kansa da kansa ne. Idan babu komai a cikinsa sai ya ɗauki lokacin yanzu, idan akwai sai ya riƙe abin da ya samu. Excel ba ya yarda da irin wannan zagaye sai ka shiga File, Options, Formulas, ka kunna Enable iterative calculation. Tana aiki, ban ce ba ta aiki ba. Sai dai Excel yakan bi saitin fayil ɗin da aka fara buɗewa, don haka abokin aikinka zai iya buɗe naka bayan wani fayil ya ci karo da gargaɗi. Idan an goge A2 bisa kuskure aka sake rubutawa, tsohuwar ranar ta tafi, sabuwa ta hau. Haka ma in wani ya sake jan fomular ƙasa. Abin da ya fi damuna shi ne, da ka kunna saitin nan, Excel ya daina yi maka gargaɗi kan sauran fomulolin da suka zagaye kansu bisa kuskure. A fayil mai lissafin kuɗi, ni dai ba zan yi ba.

Hanya ta biyu ɗan gajeren umarni ne na VBA (harshen rubuta umarni na cikin Excel), wanda ake kira Worksheet_Change, ya rubuta ranar a daskare duk sanda aka taɓa gurbin. Ta fi aminci, amma dole a ajiye fayil a matsayin .xlsm, ba ta tashi a Excel na waya ko na intanet, wasu ma'aikatu sun toshe irin wannan umarni gaba ɗaya, kuma da ya yi rubutu a gurbi ba ka da damar komawa baya da Ctrl da Z. A Google Sheets takwararta ita ce onEdit ta Apps Script, harshen rubuta umarni na Google.

To wacce za ka ɗauka? Ya danganta. In kai kaɗai ne a kwamfuta ɗaya kuma rajistar ba ta da nauyi, fomular za ta iya riƙe ka. In mutane da yawa ne suke shigar da bayanai, umarni ya fi, matuƙar akwai wanda zai iya gyara shi ran da ya tsaya. In layuka goma ko ashirin ne a rana, don Allah danna Ctrl da alamar ; ka huta.

Gurbin ya cika da #####.

Faɗaɗa ginshiƙin. In bai tafi ba, ka cire babbar rana daga ƙarama, amsar ta faɗi ƙasa da sifili.

Kwana nawa ya rage zuwa wa'adi? Shekarun mutum fa?

In ranar wa'adin tana A2, =A2-TODAY() don kwanaki, ka mai da gurbin Number. Shekaru kuwa, in ranar haihuwa ce a A2, =DATEDIF(A2,TODAY(),"Y"). Kada ka raba da 365, shekaru masu kwana 366 za su karkata maka amsa dab da ranar haihuwa. In fomular ta ƙi shiga, gwada alamar ; a maimakon waƙafi, saitin yankin wasu kwamfutoci haka yake.

TODAY yana nuna jiya.

Excel daga agogon kwamfutarka yake ɗauka, gyara agogon. In agogo daidai ne, danna F9, wataƙila an hana lissafi tafiya da kansa. Google Sheets kuma yankin lokacin da aka saita wa fayil ɗin yake bi, duba File, Settings.

Na rubuta 03/04/2025, na cire TODAY, amsar ba ta da ma'ana.

3 ga Afrilu kake nufi ko 4 ga Maris? Kwamfuta mai saitin Amurka wata take fara karantawa kafin rana. Wani lokaci ma ba ta ɗauke shi kwanan wata ba sam, rubutu ta ɗauke shi, shi ya sa za ka gan shi manne da hagun gurbi. Gwada =ISNUMBER(A2). In ya ce FALSE, sake shigar da shi da =DATE(2025,4,3).