Me Ake Nufi da GMO, Kuma Wa Zai Gane Shi a Cikin Tiyar Wake?

Tun farkon 2024, da gwamnatin Najeriya ta amince a fara sayar da irin masarar nan da ake kira TELA, haruffa uku suka shiga bakin mutane: GMO. A WhatsApp sai ka ga hoton ƙaton tumatir ko kankana marar 'ya'ya, an rubuta a ƙasa wai ga abin da Turawa suka kawo don su hana mu haihuwa. A rediyo kuma ka ji jami'i yana cewa babu komai, kowa ya ci hankali kwance. Majalisar Wakilai ma ta sa baki a watan Mayun shekarar, ta nemi a dakata da shigo da sabbin irin har sai an yi bincike. Mai sauraro ya rasa ta wa zai kama.

Kowane abu mai rai, tsiro ne ko dabba ko mutum, yana ɗauke da ƙwayoyin gado a jikinsa. Su ne ke sa ɗa ya yi kama da ubansa, su ne ke sa wani wake ya fito fari wani ja, wata dawa ta nuna da wuri wata ta kai har kaka ta yi nisa. GMO taƙaitaccen suna ne na Turanci da ake ba duk wata halitta da masana suka taɓa ƙwayoyin gadonta a ɗakin gwaje-gwaje, galibi ta hanyar ɗauko wata ƙwayar gado daga wata halitta daban a dasa mata, domin ta sami wata sifa da ba ta da ita. An fara iya yin haka a 1973, a hannun Herbert Boyer da Stanley Cohen a Amurka. Abu na farko da ya fito kasuwa ta wannan hanya ma magani ne: insulin ɗin masu ciwon sukari, a 1982. Abincin farko shi ne wani tumatir mai suna Flavr Savr a 1994, wanda bai daɗe a kasuwa ba.

Yawancin abin da ake nunawa a waya ba GMO ba ne. Manomi da ke ware zangarniya mafi kyau ya rataye ta don iri, zaɓe yake yi. Ingantaccen irin da cibiyoyin bincike suka daɗe suna fitarwa, aure ne aka haɗa tsakanin masara da masara ko wake da wake. Kajin gidan gona da ke girma cikin 'yan makonni, zaɓen iri ne da abinci. Kankana marar 'ya'ya ma wani salon aure ne da aka sani tun kafin a fara dasa ƙwayoyin gado. Girman abu ko ƙyallinsa ba ya nuna komai. Waken GMO da na gida, in ka zuba su a faranti ɗaya, ko wanda ya ƙirƙiro irin ba zai bambance su da ido ba, sai an kai ɗakin gwaji.

Amfanin gona uku ne aka saki ga manoman Najeriya. Auduga a 2018. Wake mai suna SAMPEA 20-T a Disambar 2019, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku, da haɗin gwiwar gidauniyar fasahar noma ta Afirka, wato AATF, da masanan Ostireliya. Sai masarar TELA, iri huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T. Dukkansu an dasa musu ƙwayar gado daga wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaitawa Bt. Wannan bakteriya tana samar da wani furotin da ke kashe tsutsa. Tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi, har masu noman da ba sa amfani da sinadarai suna fesa ta. Abin da aka yi yanzu shi ne an sa tsiron da kansa yana samar da furotin ɗin.

Duk wanda ya taɓa noman wake ya san tsutsar da ake nufi, Maruca, wadda ke shiga fure da kwanso ta cinye ƙwayar tun tana ɗanya. Idan ta yi yawa takan lashe har kashi 80 cikin ɗari na amfani. Shi ya sa manomi ke feshi sau shida, wani har takwas, a damina ɗaya, galibi ba safar hannu ba takunkumi. Masu irin SAMPEA 20-T sun ce feshi biyu ya isa. Biyun ma dole ne, don furotin ɗin ba ya taɓa sauran ƙwarin da ke tsotsar kwanso, kuma ba ya hana ƙwaron da ke huda wake a buhu.

To, abin da ke kashe tsutsa ba zai cuci mutum ba? Tambaya ce mai ma'ana. Furotin ɗin Bt yana aiki ne idan ya sami cikin tsutsa, inda akwai wasu mahaɗai a bangon hanjinta da yake maƙalewa ya huda. Hanjin mutum ba shi da waɗannan mahaɗai, kuma ruwan tsamin da ke cikinmu yana narkar da shi kamar kowane furotin. A 2016 Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka sun tattara ɗaruruwan bincike na shekara ashirin, suka ce ba su ga hujjar cewa amfanin gonar GMO da ke kasuwa ya fi na gargajiya haɗari ga lafiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a nan ta tsaya, tare da sharaɗin cewa kowane sabon iri a gwada shi shi kaɗai. Sharaɗin yana da dalili. A shekarun 1990 wani kamfani ya dasa wa waken soya ƙwayar gado daga wata gyaɗar itace ta Brazil, gwaji ya nuna ya kwaso abin da ke tayar wa wasu mutane borin jini, aka ajiye aikin kafin ya kai kasuwa. Hotunan ɓerayen nan masu ƙari da ke yawo a waya kuwa daga binciken wani Bafaranshe ne, Séralini, na 2012, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2013 saboda ɓerayen sun yi kaɗan, kuma jinsin da aka yi amfani da shi dama yana yawan yin ƙari idan ya tsufa.

Maganar hana haihuwa ba ta da tushe a wani bincike. Amma ban ga laifin wanda ya ji tsoro ba. Mutanen da suka ga gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba za a ce musu kawai "ku yarda da masana" su yi shiru ba. Jami'in da ke amsa wannan tsoro da tsawa yana ƙara wa jita-jita kasuwa ne.

Inda nake ganin masu adawa, irin su ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF da Nnimmo Bassey ya kafa, suka fi riƙe da gaskiya shi ne batun alama. Ko da abu bai da illa, mai saye yana da haƙƙin ya san abin da zai ci. Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta a jikin kaya idan GMO ya wuce kashi 0.9 cikin ɗari na wani sinadarin abincin. Amurka, wadda fiye da kashi 90 cikin ɗari na masara da waken soya da audugarta GMO ne, ta daɗe tana ƙi, sai daga Janairun 2022 ta tilasta bayyanawa. Najeriya ma tana da doka: an kafa hukumar NBMA a 2015 don ba da izini da sa ido, kuma ƙa'idojinta sun buƙaci a sa alama.

Sai dai an tsara alama ne don inda abinci ke zuwa a kwali da leda mai rubutu. Mu wake a tiya muke saye. Manomi ya kai buhu kasuwar ƙauye, ɗan sari ya haɗa na mutum goma, mota ta sauke a Dawanau, a sake juyewa a sake aunawa, wani ya wuce Legas, wani ya koma hannun mai ƙosai a bakin titi. A wane mataki za a liƙa takardar? Mai alale za ta kafa allo ne a gaban tukunya? Ga waken Nijar da ke shigowa ta Jibiya da Illela, ga iri da ke tsallakawa can a aljihun ɗan'uwa da ya zo biki. Dokar tana nan a rubuce, amma ba ta da hannun da za ta kama abin da aka auna da kwano. Shi ya sa idan aka ce "wanda ba ya so kada ya saya", maganar ba ta zauna ba, don wanda ba ya so ba shi da hanyar ganewa.

Daga nan batun cakuɗuwa yake tasowa, kuma iri biyu ne. Akwai na gona. Masara iska ce ke ɗaukar garin furenta daga kan tsiro ta zuba a gemun wata, don haka gonar TELA da ke maƙwabtaka da gonar masarar gida za su yi aure ko an so ko ba a so, musamman a wurinmu da gonaki ƙanana ne kuma kunya ɗaya ce ta raba su. Wanda ya ajiye iri daga wannan gona zai shuka ƙwayar gadon da bai saya ba. Wake ya fi sauƙi, don yawanci furensa kansa yake yi wa barbara, ko da yake ƙudan zuma kan ɗan kai wani abu nan da can, kuma Afirka ta Yamma tana da dangin wake na daji. Meziko, mahaifar masara, ta shiga irin wannan rigima a 2001 lokacin da wasu masana suka ba da rahoton ganin ƙwayoyin GMO a masarar gargajiya ta yankin Oaxaca.

Na biyu shi ne na rumbu da mota da injin niƙa, kuma shi ne ya fi jawo asarar kuɗi. A 2000 an gano masarar StarLink, wadda Amurka ta amince da ita don dabbobi kaɗai, a cikin abincin mutane, aka kwashe ɗaruruwan kayayyaki daga shaguna. A 2006 wata shinkafar gwaji ta kamfanin Bayer da ba a ba ta izinin sayarwa ba ta ɓulla a shinkafar da Amurka ke fitarwa, Turai da Japan suka ja baya, farashi ya faɗi, a 2011 kamfanin ya amince ya biya manoma dala miliyan 750. Ba a tabbatar wani ya yi ciwo ba a duka biyun. Darasin shi ne ƙasar da ke da ɗakunan gwaji a ko'ina ma ta kasa raba hatsi da hatsi.

Akwai kuma abin da ba ya cikin lissafin kowa sai ya faru. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008, tsutsa ta ragu, feshi ya ragu, amma zaren ya gajarce, audugar ƙasar da aka sani da inganci ta rasa daraja a kasuwar duniya, a 2016 suka koma wa tsohon iri. A Indiya kuma jar tsutsar auduga ta saba da furotin ɗin har ya daina kashe ta. Don gudun haka ake cewa manomi ya shuka wani ɓangare na iri marar Bt kusa da gonarsa, domin tsutsar da ba ta saba ba ta ci gaba da haihuwa. Wannan aikin malaman gona ne su bi su koyar, kuma kowa ya san yadda suka yi ƙaranci a ƙauyukanmu.

Ana yawan cewa irin GMO ba ya tsirowa karo na biyu. Fasahar da za ta sa iri ya zama bakarare an yi mata rajista a Amurka a 1998, duniya ta yi ca, ba a taɓa sakin ta kasuwa ba. SAMPEA 20-T ana iya ajiye shi a sake shukawa. TELA kuwa irin aure ce, 'ya'yanta za su tsiro amma amfanin zai ragu, kamar kowace masarar aure da ake saye a shagon iri tun da daɗewa. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce wa ke riƙe da ƙwayar gadon. Ta wake da ta masara daga kamfanin Monsanto suka fito, wanda Bayer ya saye a 2018, an bayar da su ba tare da kuɗin mallaka ba ta hannun AATF. Kyauta ce, amma mai kyauta yana da suna.

Ni dai idan za a auna haɗari a tiyar wake, na fi jin tsoron fiya-fiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos, wato gubar fiya-fiya, da aka samu a ciki, wanda 'yan kasuwa ke zubawa don kashe ƙwaro. Wannan guba ce da aka tabbatar, kuma ita ma ba ta da alama a buhu.

Wurin da alama za ta iya aiki a yanzu shi ne jakar iri, don ita kaɗai ce ke zuwa a rufe da rubutu. Sunayen waken da masarar duk da harafin T suka ƙare, manomin da ya iya karatun boko zai gane. Wanda bai iya ba yana buƙatar a rubuta masa da Hausa da ajami, mai shago kuma ya faɗa masa da baki kafin ya karɓi kuɗi, haka ma ɗan siyasar da ke rabon iri kyauta a farkon damina. Sannan NBMA ta riƙa ɗibar samfur a manyan kasuwannin hatsi tana gwadawa, ta buga sakamakon kowa ya gani, don a san nawa ne ya riga ya shiga cikin abin da muke ci.