Me ake nufi da "Zamanin Elizabeth"?

A watan Satumbar 2022, da Sarauniyar Ingila ta rasu, kafofin yaɗa labarai sun yi ta nanata cewa "zamanin Elizabeth na biyu" ya zo ƙarshe. Duk wanda ya ji "na biyu" ya san akwai na farko. To na farkon nan shi ne tushen maganar, kuma ba shi da haɗi da sarauniyar da aka yi wa hawan daba a Kaduna a 1956. Idan malamin tarihi ko na adabin Turanci ya ce "zamanin Elizabeth" bai ƙara komai ba, yana nufin shekara 44 da Elizabeth ta Ɗaya ta yi a gadon sarautar Ingila, daga 17 ga Nuwamba 1558 zuwa 24 ga Maris 1603. Ana jingina wa sunan nan wasan kwaikwayo da waƙa da tufafi da gine-gine na wancan lokaci. Amma a bakin Ingilishi ya wuce lissafin shekaru, ya zama kirari: zamanin zinariya, lokacin da suke ganin ƙasarsu ta fara ɗaga kai a duniya.

Kirarin nan ne yake ruɗa mutane. Mai jin sa sai ya ɗauka Ingila ta riga ta zama babbar daula a lokacin. Ko kusa. Ƙaramar ƙasa ce mai mutum wajen miliyan uku sa'ad da sarauniyar ta hau, ga bashi, ga rikicin addini, ga maƙwabta da suka fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Daulolin lokacin su ne Sifaniya, wadda azurfar nahiyar Amurka ke kwarara mata, da Daular Usmaniyya ta Turkawa.

Ita kanta Elizabeth da kyar ta kai ga sarautar. Mahaifinta Henry na Takwas ya raba gari da Paparoma don ya auri mahaifiyarta Anne Boleyn, sannan ya sa aka fille wa Anne kai a 1536, yarinyar ba ta cika shekara uku ba. Yayarta Mary, da ta yi sarauta, ta mai da ƙasar kan ɗariƙar Katolika, aka ƙone 'yan Furotesta kusan 300 da ransu, ita kuma Elizabeth aka tsare ta a Hasumiyar Landan. Wanda ya taso a irin wannan gida ba a koya masa taka-tsantsan. A 1559 ta kafa dokokin da suka mai da cocin Ingila hannun sarauta, akida ta Furotesta amma an bar bishop-bishop da wasu tsofaffin al'adu, don kowa ya samu abin da zai riƙe. Ba kowa ya gamsu ba. A 1570 Paparoma Pius na Biyar ya kore ta daga coci, ya ce talakawanta ba su da wajibin yi mata biyayya. Daga nan duk Bakatolike ya zama abin tuhuma. Sakatarenta Francis Walsingham ya baza 'yan leƙen asiri, ana buɗe wasiƙun mutane, ana azabtar da limamai. Wasiƙun da aka kama ne suka kai wata Mary daban, tsohuwar sarauniyar Sikotlan, ga hauni a 1587, bayan ta shafe kusan shekara 19 a tsare.

Aure kuwa ƙi ta yi. Sarakuna da 'ya'yan sarakunan Turai sun nema, ciki har da Philip na Biyu na Sifaniya, ta yi ta ja musu rai shekara da shekaru, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. A ganina wannan ita ce siyasarta mafi kaifi: muddin ana sa ran samunta, ba a gaggauta yaƙarta. Da dabarar ta ƙare, Philip ya turo jiragen yaƙi wajen 130 a 1588. Ingilishi suka cinna wa wasu jiragensu wuta suka sako su cikin dare a kan rundunar da ke tsaye kusa da Calais a gaɓar Faransa, ta watse, guguwa ta ƙarasa da yawa daga cikinta a gaɓar Sikotlan da Ailan. Nasara ce ta gaske, amma ta tsira da kai ce. Yaƙin ya ci gaba har bayan mutuwarta.

Tsoron Sifaniya ya sa Ingila neman abokai a inda sauran Kiristocin Turai suke ƙyama, kuma nan ne labarin ya taɓo yankinmu. Elizabeth ta yi musayar wasiƙu da Sarkin Musulmin Usmaniyya Murad na Uku, ta kuma ƙulla zumunci da Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur. 'Yan kasuwarta suna kai yadi, suna ɗauko sukari da sinadarin haɗa albarushi. Wannan al-Mansur shi ne ya tura rundunar 'yan bindiga ta ƙetare Sahara ta karya Daular Songhai a Tondibi a 1591, aka kwashe malaman Timbuktu, ciki har da Ahmad Baba, zuwa Marrakesh. A 1600 jakadansa ya sauka Landan ya yi wata shida, ana tattauna yadda za a haɗa kai a yaƙi Sifaniya. A Borno kuma lokacin Mai Idris Alauma ne. Ingila ta wancan zamani mai neman alfarma ce a fadar Musulmi, ba mai ba da umarni ba.

Sai batun mulkin mallaka, inda aka fi yin kuskure. Ranar da Elizabeth ta mutu, Ingila ba ta da ko ƙauye ɗaya mai ɗorewa a nahiyar Amurka. Humphrey Gilbert ya ayyana Newfoundland a matsayin mallakar sarauniya a 1583, teku ta cinye shi a hanyar komawa. Walter Raleigh ya tura mutane tsibirin Roanoke, aka raɗa wa yankin suna Virginia, daga kalmar da ke nufin budurwa, don girmama sarauniyar da ba ta yi aure ba. Waɗanda aka bari a 1587, sama da mutum ɗari, da aka koma a 1590 ba a tarar da kowa ba sai kalma ɗaya da aka sassaƙa a jikin gungume. Kamfanin Gabashin Indiya, wanda daga baya ya haɗiye Indiya, ya samu takardar izini ne ranar ƙarshe ta shekarar 1600, kuma kayan yaji ya fita nema.

Abin da aka ƙware a kai shi ne fashin teku da izinin fada. Francis Drake ya zagaya duniya tsakanin 1577 da 1580 yana wawashe jiragen Sifaniya, sarauniya ta karɓi kasonta, ta kuma ba shi sarautar jarumta. Ɗan'uwansa John Hawkins ya fi haka muni. A 1562 ya zo gaɓar Saliyo ya kwashi mutum wajen 300, ya sayar da su a tsibirin Hispaniola. A tafiya ta biyu sarauniya da kanta ta ba shi aron babban jirginta. Da aka ba shi tambarin gida, abin da aka zana a samansa shi ne baƙin mutum ɗaure da igiya. Ba a ɓoye aka yi ba, abin alfahari ne ake bugawa a hatimi.

Inda aka yi mulkin mallaka na sosai kuwa shi ne Ailan, a bakin ƙofarsu. Bayan an murƙushe tawayen Desmond a lardin Munster da takobi da yunwa, aka ƙwace filaye aka raba wa Ingilishi. Raleigh ya samu eka wajen 40,000. Wani sakatare mai suna Edmund Spenser ya samu gidan Kilcolman da eka wajen 3,000, kuma a can ya yi aikin babbar waƙarsa ta yabon sarauniya, The Faerie Queene, wadda kashinta na farko ya fito a 1590. Shi dai wannan mawaƙi ya rubuta wani littafi yana ba da shawarar a karya 'yan Ailan da yunwa. A 1598 'yan tawaye suka ƙone gidan, ya gudu Landan ya mutu a farkon shekarar da ta biyo baya. Hannun da ya tsara baitocin shi ne ya karɓi takardar filin, kuma ban ga yadda za a karanta ɗaya a kau da kai daga ɗayan ba.

Duk da haka adabin nan ya cancanci sunan da ya yi. A 1576 James Burbage ya gina gidan wasan kwaikwayo a wajen ganuwar Landan, domin hukumomin birni ba sa son 'yan wasa. A 1599 aka buɗe gidan wasa na Globe a ƙetaren kogin Thames, kusa da filayen da ake haɗa karnuka faɗa da dabbar beyar. Gini ne zagayayye, tsakiyarsa ba rufi, ana wasa da rana tsaka. Mai kwabo ɗaya ya tsaya a ƙasa gaban dandamali yana cin 'ya'yan itace yana ihu, mai hali ya ƙara kuɗi ya zauna a bene. Mata ba sa hawa dandamali, samari ne ke sa tufafinsu. Dole marubuci ya gamsar da ɗan dako da ɗan sarki a zama ɗaya, kuma ina ganin wannan matsin ne ya fito da Christopher Marlowe da William Shakespeare. Fada tana tace kowane wasa kafin a nuna shi, don ta san ƙarfinsa. A Fabrairun 1601 magoya bayan wani babban bafade, Earl na Essex, suka biya ƙungiyar Shakespeare ƙarin sule 40 don ta nuna wasan da ake tuɓe sarki Richard na Biyu a cikinsa. Kashegari suka yi yunƙurin tawaye, ya ci tura, aka fille wa Essex kai kafin watan ya ƙare.

Shekarun ƙarshe ba su da daɗi. Damina ta lalace shekara huɗu a jere daga 1594, abinci ya yi tsada, yaƙi da 'yan tawayen Ailan ƙarƙashin Hugh O'Neill ya tsotse baitulmali, mabarata suka cika hanyoyi har aka yi dokar kula da matalauta a 1601. Sarauniya ta mutu ba ɗa ba jika, a shekarar da al-Mansur shi ma ya mutu, sarauta ta koma hannun James na Sikotlan, ɗan Mary ɗin da ta sa aka kashe. Abubuwa da dama da ake lissafa mata a zamaninsa aka yi su: wasannin Shakespeare Macbeth da King Lear, fassarar Baibul ta 1611, rabon filayen lardin Ulster na Ailan, da Jamestown, mazaunin Ingilishi na farko da ya ɗore a Amurka, wanda aka kafa a 1607.