Tambayoyinku a kan inabi: ga amsa, a huta da maimaici

Yana ƙara jini?

A'a. Jan launinsa ne ke ruɗin mutane, sinadarin ayon (ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi) da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Mai ƙarancin jini ya nemi hanta da wake, ya kuma je a auna shi.

To me ke cikinsa?

Sama da kashi 80 cikin 100 ruwa ne. A giram 100 akwai kalori kusan 70 da suga wajen giram 16, sai bitamin K, fotashiyam da ɗan bitamin C. Sinadaran da ake yabonsa da su wajen lafiyar zuciya sun fi yawa a ɓawon baƙi da ja, don haka a daina tsotse ruwan ana tofar da ɓawo.

Farar ƙurar da ke jikinsa maganin feshi ne?

Kwantar da hankalinki, Hajiya, shi yake fitar da abarsa. Amma a wanke, kin dai san ƙurar Kawon Kaduna da hunturu.

Ina da ciwon suga, in ci ko in bari?

Nan ne ba zan yanke hukunci kai tsaye ba. Ba a haramta maka ba, Alhaji, amma inabi ba ya ƙosarwa, kana hira sai ka ga robar ta ƙare. Idan sugan naka a daidaice yake, ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, bayan abinci ko tare da gyaɗa, yawanci ba ya tayar da hankali. Na ce yawanci. Jiki ya bambanta, magani ma haka. Mai na'urar gwaji a gida ya auna kafin ya ci, ya sake aunawa bayan awa 2, ya ga yadda nasa jikin ya karɓa. Wanda sugansa ke hawa da sauka, ko ciwon ya taɓa masa ƙoda, ya tambayi likitansa tukuna saboda fotashiyam ɗin. Matsattsen ruwan inabi kuwa, da zabibi mai kalori kusan 300 a giram 100, a yi nesa da su.

Na Kudan ko na waje?

Na Kudan, nan jihar Kaduna, nomanmu ne, bai sha doguwar tafiya ba. Duba karan kawai: kore shar ka saya, busasshe ka wuce.

Yara fa?

Wannan ce ba ku tambaya, ita ce kuma ta fi damuna. Ɗan ƙasa da shekara 5, a tsaga masa kowace ƙwaya a tsaye gida huɗu, a cire iri, ya ci a zaune. Guda sukutum tana iya toshe masa maƙogwaro.