Dokar gidajen hutu a Wales: harajin da ya ninka huɗu

A ƙauyukan bakin teku na arewacin Wales, wani yanki na Birtaniya, irin su Abersoch da Nefyn, masu kuɗi daga biranen Ingila sun daɗe suna sayen gidaje don hutun bazara. Da sanyi ya shigo sai su kulle su tafi. Farashin gida ya fi ƙarfin ɗan gari, matasa suka yi ƙaura, yara suka ragu a makarantu. Kuma Gwynedd, ƙaramar hukumar da waɗannan ƙauyuka ke ciki, inda abin ya fi tsanani, nan ne kusan kashi biyu cikin uku na mutane ke jin harshen Welsh. Duk gidan da ya koma na hutu, iyali guda ne harshen ya rasa.

Fushin ba na yau ba ne. Daga 1979 zuwa farkon shekarun 1990 wata ƙungiyar ɓoye, Meibion Glyndŵr, ta ƙona gidajen hutu sama da 200. Na yanzu ba da wuta suka fito ba. A 2020 mutanen Nefyn suka kafa gangamin Hawl i Fyw Adra, suna neman haƙƙin zama a garinsu, suka yi ta tattaki har gwamnati ta saurara.

To me dokar ta ce? Tun 2017 ƙananan hukumomi ke da ikon ninka harajin gida a kan wanda ba mazaunin kowa ba ne. Daga Afrilun 2023 aka ɗaga ƙarin zuwa kashi 300 cikin ɗari. Wato gidan da harajinsa fam 2,000 ne, mai shi zai iya biyan fam 8,000. Ba dole ba ne hukuma ta kai can. Gwynedd ta sa kashi 150 a shekarar.

Da can akwai kafar zillewa. Mai gida sai ya ce ai na haya ne ga baƙi, a mayar da shi harajin kasuwanci, inda rangwamen ƙananan sana'o'i kan sa bai biyan ko kwabo. Gidan ya kasance a kasuwa kwana 140, a kama shi haya kwana 70 a shekara, ya ishe shi. Yanzu sai gidan ya kasance a kasuwa kwana 252, kuma a kama shi da gaske kwana 182. In bai cika ba, ya dawo harajin gida, sau da yawa har da ƙarin.

Nan ne nake ganin dokar ta yi tsauri. Manomin da ya gyara tsohuwar rumfar shanu yana saukar da baƙi don ya cike giɓi, a ƙauyen da ba kowa ke zuwa da hunturu ba, ina zai samo kwana 182? An sassauta wa gine-ginen da izininsu ya hana zaman dindindin, ba a ɗora musu ƙarin, amma ba kowa wannan ya rufa wa asiri ba.

Gwynedd ta ƙara gaba a Satumban 2024: ba mai mayar da gidan zama na hutu sai da izinin hukumar tsara gari. Masu gidaje suka kai ƙara, suna cewa darajar dukiyarsu ta faɗi. A Satumban 2025 babbar kotu ta ba su gaskiya, bisa dalilin cewa bayanin da aka gabatar wa kansilolin kafin su yanke shawara ba daidai yake ba. Hukuncin bai taɓa ƙarin haraji ko sharaɗin kwana 182 ba.