Addu'ar natsuwa da meditasiyon ɗin da ya cika salula, abu ɗaya ne?

Kwanan nan kalmar meditasiyon ta cika ko'ina, ka buɗe TikTok ko Facebook sai ka ga wani ya tanƙwashe ƙafa ya rufe ido wai yana neman kwanciyar hankali. To a nan Damagaram matasa sun fara haɗa ta da abin da Kiristoci ke kira addu'ar natsuwa, wasu na cewa ai duk jirgi ɗaya ne, wasu kuma har a cikin coci na cewa tsafin Indiya ne aka shigo mana da shi ta bayan gida. Ni dai duka biyun ban yarda da su ba.

Addu'ar natsuwa, wasu su ce addu'ar zuciya, ita ce mutum ya zauna gaban Allah ba tare da jera buƙatu ba, babu ka ba ni ka kare ni, ya yi ta rage magana har ya kai ga shiru, hankalinsa kaf yana kan wanda yake gabansa. Masu yin ta suna kafa hujja da Matiyu 6:6 inda Yesu ya ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, da Zabura 46:10 mai cewa a natsu a san shi ne Allah.

Kuma abin ba daga Indiya ya zo ba, a nahiyarmu ya yi ƙarfi. A ƙarni na 3 da na 4 wasu bayin Allah suka bar gari suka shiga hamadar Masar, sanannensu shi ne Antoniyos da ya rasu a 356. Wani Yohanna Kasiyan ya zauna da su, daga baya ya kai koyarwar Marsai ta Faransa, abin da ya koyo kuwa shi ne ka riƙe aya ɗaya tak, farkon Zabura 70 na neman agajin Allah, ka yi ta maimaita ta kana aiki kana tafiya har barci ya ɗauke ka. Su kuma Kiristocin Otodoks, musamman na dutsen Atos a Girka, suna da tasu gajeriya, ya Ubangiji Yesu Almasihu ka yi mini jinƙai, suna jan ta da igiya mai ƙulle-ƙulle, wasu har suna daidaita ta da numfashi. Ko nan arewa da mu, Charles de Foucauld, wani limamin Katolika Bafaranshe, irin wannan zaman ya yi cikin Buzaye a Tamanraset ta Aljeriya har aka kashe shi a 1916.

Idan ka duba ta waje gaskiya akwai kama sosai tsakaninta da meditasiyon, shiru ne, zama ne wuri ɗaya, kalma ce ake maimaitawa, numfashi ake lura da shi. Amma tambayar ita ce gaban wa aka yi shirun? A tafarkin Buda babu maganar Mahalicci a tsakiyar abin, mutum yana kallon numfashinsa da tunaninsa ne suna zuwa suna wucewa har ya gane babu wani "ni" mai dawwama, kwaɗayi ya mutu, wahala ta ƙare. A wata babbar makaranta ta Hindu da ake kira Adbaita kuma, ƙarshen tafiya shi ne ka gane ranka da Brahman, wato abin da suke ɗauka asalin komai, abu ɗaya ne tun asali. Amma a yi adalci, a Hindu ɗin akwai masu bin hanyar ƙauna da bauta, kada a tara su duka a kwando ɗaya.

Shi Kirista ko ya yi nisa yaya ba ya narkewa ya zama Allah, bawa na nan bawa, Ubangiji na nan Ubangiji, don ƙauna sai da biyu. Wannan ne babban bambancin a wurina, sai na biyu da ke bin sa, wato ba dabara ce ke kai mutum can ba, alheri ne ake ba shi. Tereza ta Abila, wata mai zaman zuhudu ƴar Sifen da ta rasu a 1582, ta yi bayanin da duk wanda ya san wahalar ruwa a garin nan zai gane nan take. Ta ce farkon addu'a kamar jan ruwa ne da guga daga rijiya don ban ruwan lambu, ka sha wuya ka samu kaɗan, gaba kaɗan aikin ya yi sauƙi, ƙarshe kuma ruwan sama ne, shi kuwa ba ƙarfinka ke saukar da shi ba.

Ƴan uwa Musulmi da suka san wuridi da zikiri da halwa, kamar ƴan Tijjaniyya da ke zaman wazifa a unguwanninmu, sun fi saurin fahimtar wannan, don su ma sunan Wani suke ambato, duk da akida ta bambanta.

To ko an hana koyo daga Gabas? A'a. Thomas Merton, wani ɗan zuhudun Katolika na Amurka, ya je Asiya a 1968 ya gana da Dalai Lama, jagoran mabiya Buda na Tibet, a kusa da Bankok ta Tailan ma ya rasu cikin wannan tafiya. A 1989 kuma ofishin koyarwar addini na Batikan, ƙarƙashin Kadinal Ratzinger wanda ya zama Paparoma Benedik na 16, ya fitar da wasiƙa kan wannan batu. Wasiƙar ba ta hana ɗaukar abin da ke da amfani ba muddin ba a ɓata ainihin addu'ar Kirista ba, sai dai ta ja kunne sosai a kan abu ɗaya, daɗin nan da sanyin jiki da mutum kan ji idan ya gyara zama ya daidaita numfashi, kada ya ɗauka lalle Ruhu Mai Tsarki ne ya sauko masa.