Tsangwamar masu matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa

Tsangwama a nan na nufin kallon raini da ƙyamar da ake yi wa mutum don kawai yana fama da ciwon damuwa, ko yawan fargaba, ko wani nau'in taɓin hankali, har ya ga gara ya rufe bakinsa da ya faɗa. Kalmar da masana ke amfani da ita, wato sitigima, daga Girkanci ta fito, asalinta tambo ne da ake yi wa bawa ko mai laifi a jiki don kowa ya gane shi. Masanin zamantakewa Erving Goffman ya rubuta littafi a kan batun a 1963, inda ya nuna yadda alama ɗaya tak ke shafe duk sauran mutuncin mutum a idon jama'a.

Abin ba na 'yan tsiraru ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 970 ne ke rayuwa da wata matsalar ƙwaƙwalwa, wato ɗaya cikin takwas kenan, wajen miliyan 301 fargaba, miliyan 280 kuma ciwon damuwa. Amma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita sama da kashi 75 cikin ɗari ba sa samun magani, ƙarancin likitoci na ciki, kuɗi na ciki, kunya ma na ciki sosai.

Ana raba tsangwamar gida uku. Akwai ta jama'a, a kira mutum mahaukaci, a ce ragwanci ne, a ce neman suna yake, a daina ba shi amana. Akwai ta tsari, inda dokoki da kasafin kuɗi da wuraren aiki ke mayar da masu wannan larura baya, misali rahoton ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch na 2020 ya samu ana ɗaure irin waɗannan mutane da sarƙa a ƙasashe 60. Sai ta ukun, kuma gaskiya ita ta fi ciwo, wato mutum ya yarda da abin da ake faɗa a kansa. Zai farka da asuba jiki kamar an ɗora masa dutse, ya yi wanka da ƙyar, ya je aiki ya yi dariya da kowa, a tambaye shi ya ce lafiya lau, da dare ya rubuta wa abokinsa dogon saƙo a waya ya karanta sau biyu ya goge ya kwanta bai yi barci ba. Wani kuma maganin ma a ɓoye yake sha, ya ɓare takardar kwalbar don kar a gani. Haka watanni ke tafiya su zama shekaru, ciwon da za a iya shawo kansa tun da wuri ya yi nisa.

Kuma fa illar tana kaiwa ga rai, sama da mutum dubu 700 ne ke kashe kansu duk shekara a duniya, masu matsananciyar larurar ƙwaƙwalwa kuma sukan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, galibi da cututtukan jiki da za a iya karewa. Shi ciwon damuwa ba ɓacin ran kwana ɗaya ba ne, sai alamun sun kai akalla sati biyu likita ke kiran sa haka, kuma yana jin magani, ko ta zaman tattaunawa da ƙwararre ko ƙwayoyi, duk da su ƙwayoyin sukan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi.

Tun 1992 ake ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya duk 10 ga Oktoba. Amma kwamitin da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya fitar a 2022 cewa abin da ya fi rage tsangwama shi ne haɗuwa, wato mutane su zauna da wanda ya sha wannan ciwon su ji labarinsa daga bakinsa.